Gayya ta intanet: darasin da Urafane za ta ba jami'ar Maradi

A jami'o'in Turai da Amurka akwai fannin da ke nazarin yadda mutane ke aiki tare ta kwamfuta. Irene Greif da Paul Cashman ne suka raɗa masa suna a 1984. A Hausance dai, gayya ce ta intanet. Ya kamata ɗaliban kimiyya da fasaha na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi su rungume shi, kuma ba sai sun je nesa neman abin nazari ba.

Ga Urafane nan, a gundumar Tasawa. 'Yan garin da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya ko Kano kan haɗa kuɗin gyaran famfo ko jinyar ɗan'uwa ta zauren WhatsApp. Saƙon murya ke yawo, don ba kowa ne ya yi lakwal ba. To wa ya biya, nawa, yaushe? Sai ma'aji ya zauna yana sauraren saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Ranar da wayarsa ta ɓace, lissafi ya tafi, zargi ya shigo tsakanin 'yan'uwa.

Tun 1988 masani Jonathan Grudin ya nuna cewa irin waɗannan manhajoji na mutuwa idan mai wahalar shigar da bayanai daban, mai cin moriya daban. Wannan ma'ajin shi ne mai wahalar. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu ya fara zama da shi, ya gina masa manhajar da ke karɓar murya, ta jure raunin rezo, ta riƙe lissafin sefa da naira.