Surfanin Japan: Ka Fara da Sashiko, Ka Kiyaye Jikinka

Idan kana sha'awar koyon surfanin Japan, kada ka fara da adon siliki irin na kimono, domin mai ɗinki da kansa yake murza zarensa, kuma hannu bai faɗawa sai an shekara ana yi. Ka fara da sashiko, ɗinkin da manoma da masuntan Japan suke yi wa tufafinsu faci da shi a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868: farin zaren auduga a kan shuɗin yadi, allura na shiga tana fita a jere.

Sai dai sauƙinsa kan sa mutum ya shafe sa'o'i a sunkuye. Wuya ya ƙage, sai a haɗiyi ibuprofen ko diclofenac a ci gaba. A ganina wannan ganganci ne, domin yawan shansu na jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda. Ciwon gargaɗi ne. Ka zauna inda haske ya wadata, duk minti 20 ka dubi nesa, ka miƙe ka motsa kafaɗunka. Idan yatsunka suka riƙa mutuwa da dare, ka ga likita.