Wa Ake So Ya Zo Taron Da Aka Kira Da Tsakar Dare?

Wannan makon ku yi mini haƙuri, na ɗan jingine labarinmu gefe, domin akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a rukunan gidajen nan masu get da maigadi, daga Abuja har Kano da Kaduna, kuma na ga kowa ya ja baki ya yi shiru kamar ba aljihunsa ake lalube ba.

Ga yadda abin yake. Kwamitin ƙungiyar masu gidaje zai turo saƙo a zauren WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya na dare cewa gobe bayan sallar asuba akwai taro, a daure a halarta. Babu ajanda, ballantana bayanin abin da za a tattauna. Gari na wayewa mutum bakwai ko takwas za su zauna a harabar gidan ciyaman, kafin ka gama kai yara makaranta an ƙara kuɗin gadi, an yanka wa kowane gida kuɗin taransifoma, an kuma hana 'yan adaidaita shigowa bayan magariba. In ka yi magana sai a ce maka ai an kira taro, kai ne ba ka zo ba. To ni dai ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: wanda ya kira taro a lokacin da ya san ba za ka iya zuwa ba, rashin zuwan naka yake nema.

Irin waɗannan ƙungiyoyi a Amurka suka fi ƙarfi, har ta kai a jihohi da dama in ka ƙi biyan kuɗin da aka yanka maka, ƙungiya na iya ɗora bashin a kan gidanka, a bi hanyar shari'a a yi gwanjonsa. Da yake sun ga abin da kwamiti zai iya yi wa mutum, sai majalisun jihohinsu suka ɗaure shi da igiyar sanarwa. A jihar Fulorida doka ta ce a liƙa sanarwar taron kwamiti a inda kowa zai gani, awa 48 kafin a zauna, in ba a liƙa ba a aika wa kowane mai gida kwana 7 kafin ranar. In kuwa kuɗi na musamman za a yanka, ko za a canza ƙa'idar yadda mutum zai yi amfani da gidansa, kwana 14 ake bayarwa a rubuce, kuma babu halin a ɗora wa jama'a kuɗi sai sanarwar ta faɗi cewa maganar kuɗin za a yi, ta kuma faɗi na mene ne. A Kalifoniya, ƙarƙashin dokar Davis-Stirling da aka kafa a 1985, kwana 4 ne tare da ajanda, kuma abin da ba ya cikin ajandar kwamiti ba ya yanke hukunci a kansa sai a wasu 'yan lokuta da dokar ta keɓe. Teksas ma awa 72 take bayarwa a da, a 2021 ta ninka zuwa awa 144 ga taron da aka saba yi.

Wurin ajandar nan nake so mai karatu ya ɗan dakata. Gaya mini rana da wuri kawai bai wadatar ba. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata gida da marayu, in ta ga an rubuta "taron wata-wata" tana iya cewa bari ta tafi biki abinta. In ta ga an rubuta za a tattauna ƙarin kuɗin gadi daga kaza zuwa kaza, wallahi ko da goyo a bayanta sai ta je, ko ta tura ɗanta babba. Ɗan kasuwar da ke Legas zai bugo waya ya wakilta wani. Kwamitin da ya ɓoye ajanda ya san wannan sarai, shi ya sa yake cusa maganar kuɗi a ƙarƙashin "sauran batutuwa", can ƙarshe, bayan rabin mutane sun gaji sun tashi.

Na san abin da za a ce, wai wannan bokon Turawa ne, mu nan da mutunci da amana muke zaune. To bari mu dawo gida. Dokar kamfanoni ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2020, ta ce a bai wa masu hannun jari kwana 21 kafin babban taro, daraktoci kuma kwana 14 kafin nasu, kuma rashin sanar da wanda ya cancanta yana rushe taron. A 2002 daraktocin First Bank suka tsige manajan daraktansu Bernard Longe a wani zama da ba su aika masa sanarwa ba. Ya yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, a 2010 ta ce tsigewar ba ta halatta ba, saboda takardar gayyatar nan da ba a tura ba. Banki guda ke nan da tulin lauyoyinsa. Gaskiya ne waɗannan kwanakin na kamfanoni ne, ƙungiyar unguwa da ta yi rajista da hukumar CAC a matsayin amintattu kundin tsarin mulkinta take bi wajen kiran taro. Amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa ganin kundin nan da idonsu? Yana can a durowar sakatare, shi ma ina shakka in ya buɗe shi tun ranar da lauya ya miƙo masa.

Sai hujjar gaggawa, wadda ita ce mafakar kowane ciyaman. Babu mai musun cewa in ɓarayi suka haura katanga cikin dare ko taransifoma ta kama da wuta, ba za a jira mako guda ba, su ma dokokin Amurkar sun yarda da haka. Sai dai a Kalifoniya an fayyace cewa gaggawa ita ce abin da ba a yi tsammaninsa ba kuma ba ya jira. Albashin maigadi da aka san duk ƙarshen wata yana nan tafe, ta ina ya zama gaggawa? Kwatar da ta shekara uku a toshe, yau da damina ta kawo kai ne za a ce babu lokacin sanar da mutane?

Masu cewa ko an sanar mutane ba sa zuwa, ina jin su, kuma akwai malalata a cikinmu da sai dai su zauna a shago suna zagin kwamiti. Amma wanda aka ba shi mako guda da ajanda ya ƙi zuwa, shi ya sarayar da haƙƙinsa, kuma kwamiti ya fita daga zargi. Abin mamaki, wannan kariyar ta 'yan kwamitin ce da kansu, mutanen da yawancinsu ba a biyan su ko sisi, amma kullum ana kiran su ɓarayi a bayan idonsu.

Abin da nake kira gare shi ba mai wuya ba ne. A taron shekara mai zuwa wani ya miƙe ya nemi a karanta sashen kundin da ya yi maganar kiran taro. In babu adadin kwanaki a ciki, a rubuta: kwana 7 ga taron kwamiti, kwana 14 in maganar kuɗi ce, da adadin kuɗin ƙarara. A liƙa a bakin get da ƙofar masallaci, a kuma kai takarda gida-gida, domin akwai dattijai da ba sa cikin zauren WhatsApp, wanda dama saƙon barka da Juma'a ke binne duk abin da aka turo cikinsa kafin azahar.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya.