Wa Ya Naɗa Ka Alƙalin Gerewol?

Wata ɗabi'a ta kama masu ɗaukar hoto, kuma a hotunan Gerewol ta fi ba ni haushi. Mutum zai je Ingal a watan Satumba, ya ɗauki samarin Woɗaaɓe suna rawa, ya dawo gaban Photoshop ya mai da komai baƙi da fari, ya bar fuska ɗaya tak da jan kwalliyarta. Wai shi gwani.

In ka yi magana, su ce ai Spielberg ma ya yi haka da jar rigar yarinya a fim ɗin Schindler's List na 1993. To, shi ya yi ne don mai kallo ya bi yarinyar da ido cikin taron da ake kashewa, har ya gane gawarta daga baya. Kai fa, me kake so a gane?

Gerewol gasa ce. Samarin jeruwa suke yi kafaɗa da kafaɗa, suna zare ido, suna nuna farin haƙora, 'yan mata kuma su zaɓi wanda ya fi. Kwalliyar da suka ɗauki sa'o'i suna yi, don a gwada su da juna aka yi ta. Da ka bar ɗaya da launi ka mai da sauran toka, ka ƙwace hukunci daga hannun 'yan matan nan. Shi kansa jan ba ya yin kyau sai kusa da baƙin leɓe da shunin riga da ƙurar la'asar. Ba su, tabo ne kawai.

In cunkoso ne ya dame ka, ka matsa kusa tun a filin rawa.