Fili a birnin bulokcen wasa ne, kada a kira shi jari

A watan Nuwamban 2021 wani kamfanin ƙasar Kanada, Tokens.com, ya biya kimanin dala miliyan 2.4 ya sayi fili a Decentraland. Fuloti 116 ne a jere, a unguwar da aka ware wa masu tallar tufafi, cikin birnin da ba a shigarsa sai ta intanet. Ba a jima ba wani kamfanin, Republic Realm, ya zuba dala miliyan 4.3 a birnin The Sandbox. Kafin shekarar ta ƙare wani mutum ya biya kusan dala 450,000 don filinsa ya yi maƙwabtaka da na mawaƙin nan na Amurka, Snoop Dogg. Duk wannan ya biyo bayan sanarwar da kamfanin Facebook ya yi a ƙarshen Oktoba cewa ya koma Meta, kuma nan gaba aiki da ciniki da zumunci za su koma wata duniya ta cikin intanet. Ƙasar Barbados ta ce za ta buɗe ofishin jakadanci a Decentraland, bankin JPMorgan ma ya buɗe zauren baƙi a can a farkon 2022. Duk wanda ya ga manya irin waɗannan sun shiga kasuwa, da wuya ya yarda babu riba a cikinta.

Na tono wannan labari ne saboda yanzu maganar take isowa wayoyin yaranmu, bayan ta lafa a inda aka faro ta. Tun 2024, lokacin da wasannin Notcoin da Hamster Kombat suka sa matasa a Kano da Kaduna da sauran garuruwa suka duƙufa dangwalar waya dare da rana da sunan mainin, an samu ɗimbin jama'a da suka buɗe walat, suka iya saye da sayar da kirifto, suna zaman jiran abu na gaba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake yi musu romon baka da shi kuwa shi ne: sayi fili a cikin wasa, gina birninka, ka zauna kana karɓar haya. Ni ba na ƙin wasan. Abin da nake ƙi shi ne a sa yaro ya ɗauki kuɗin da ya tara da gumi ya saka a ciki yana zaton ya kafa jari.

Ga yadda abin yake tafiya. Masu wasan sukan zana taswira su yanka ta fuloti-fuloti. A Decentraland fuloti 90,601 ne, kowanne mita 16 a tsaye 16 a kwance. A The Sandbox 166,464 ne. Kowane fuloti yana da takardar shaida da ake kira NFT, rubuce a kundin bulokcen, kundin da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ta yadda ba mai iya goge sunanka ya sa nasa. Ana saye da sulallan wasan, MANA a na farko, SAND a na biyu. Wani wasan, Upland, adireshin gidajen gaske na San Francisco da New York yake sayarwa, amma wanda ya saya ba shi da ko ƙofa a gidan na gaske. A wasannin gina birni kuma ka sayi fili, ka ɗora gida ko masana'anta, ginin ya riƙa haifar maka da kaya ko sulalla, ka sake zubawa ka ƙara hawa, mai unguwa ya yanki harajinsa.

Ɗan ƙanwata, wanda ke zama a shagon POS bayan ya taso daga makaranta, ya nuna mini nasa a wani wasa irin wannan. Ya buɗe taswirar da yatsu biyu, sai ga ƙananan murabba'ai reras, wasu kore wasu toka, nasa biyu suna da ɗan gini mai jan rufi, ga wata lamba a sama tana ƙaruwa a hankali.

"Kawu, ka ga wannan lambar? Haya ce. Ko ina barci tana shigowa."

Na ce, "Wa ke biyan hayar?"

"Wasan ne ke biya."

"Da wane kuɗi?"

"Da sulallansa."

"To wa zai ba ka naira ya karɓi sulallan?"

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Waɗanda za su shigo daga baya."

Yaron bai yi ƙarya ba, kuma amsarsa ita ce zuciyar maganar. Ginin nan mai jan rufi ba wanda ke kwana a ciki, ba mai sayar da komai a ƙofarsa. Sulallan da yake haifarwa masu wasan ne ke ƙirƙirar su yadda suka tsara. Darajarsu a naira ta rataya ne a kan sabon mai shigowa, kuma ranar da masu shigowa suka ragu, lambar za ta ci gaba da ƙaruwa a fuskar waya alhali abin da take saye yana narkewa.

An riga an ga wannan da ido a Axie Infinity, wasan da kamfanin Sky Mavis na Biyetnam ya yi. A 2021 mutanen da ke buga shi a kullum sun haura miliyan biyu, da yawansu 'yan Filifins ne da annobar korona ta raba da aiki. Masu hali sukan sayi dabbobin wasan su ba talaka aro ya buga, a raba abin da aka samu. Na ɗan lokaci an samu masu ciyar da gida da shi. Da sababbin shiga suka ja baya, sulallan SLP da ake biyan 'yan wasa da su suka zube da fiye da kashi 99 cikin ɗari. A watan Maris na 2022 kuma ɓarayin intanet suka kwashe kirifto na sama da dala miliyan 600 daga Ronin, hanyar da kuɗin wasan ke bi, satar da gwamnatin Amurka ta ɗora wa gungun Lazarus na Koriya ta Arewa. Wanda ya fi jin jiki shi ne wanda ya ci bashi ya shiga a makare.

Masu tallar filayen suna da hujja guda da suke ji da ita: fili ƙayyadadde ne, ba za a ƙara ba, don haka dole ya yi tsada. Mu da muka san harkar ƙasa mun san ƙarancin fili kaɗai ba ya sa tsada. Rumfa a Kantin Kwari tana da tsada ne saboda kowace safiya motoci na sauke fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru, kuma dole su bi ta layin nan da ƙafarsu, su ga atamfarka ko sun so ko ba su so ba. Rumfar bakin layi ta fi ta lungu kuɗi saboda mai tafiya ba ya tsallake hanya ya faɗo inda yake so. A birnin intanet kuwa danna wuri ɗaya kake yi ka tsinci kanka a duk inda ka nufa, ba ka wuce ƙofar kowa ba. Me mai fulotin tsakiyar gari ya saya ke nan? Sannan ƙayyadewar ma alkawari ne na birni ɗaya. Gobe wani kamfani zai zana tasa taswirar, kamar yadda Yuga Labs ya yi a ƙarshen Afrilun 2022, ya sayar da fuloti 55,000 na Otherside cikin dare ɗaya a kan kusan dala miliyan 300, masu saye kuma suka ƙona sama da dala miliyan 100 a kuɗin cajin bulokcen kawai saboda turereniya. Decentraland da kanta daga baya ta fito da tsarin Worlds, inda mutum ke samun wurin gini a wajen babban birnin ba tare da ya sayi fuloti ba.

Sai batun jama'a, wanda shi ne ya fi damuna. A watan Oktoban 2022 shafin ƙididdiga na DappRadar ya nuna cewa walat 38 kacal suka yi wata mu'amala da Decentraland cikin sa'o'i 24. Masu birnin suka musanta, suka ce ƙididdigar ba ta lissafa masu shiga yawo ba tare da ciniki ba, kuma masu shiga a kullum sun kai wajen 8,000. Mu karɓi tasu. Mutum 8,000 a birni mai fuloti 90,601, wanda a lokacin ake yi wa kuɗi sama da dala biliyan ɗaya, yana nufin fiye da fuloti goma ga kowane baƙo ɗaya. MANA da ta kusa dala 6 a Nuwamban 2021 ta faɗo ƙasa da rabin dala kafin 2022 ta ƙare. Shi kansa kamfanin Meta, da ya tayar da ƙurar, sashensa mai kula da wannan harka ya yi asarar dala biliyan 13.7 a 2022 da biliyan 16.1 a 2023. Meta yana da aljihun ɗaukar wannan. Yaron shagon POS ba shi da shi.

Adalci ne a faɗi cewa akwai biranen intanet da suka rayu, kuma akwai waɗanda suka ci abinci a cikinsu. Second Life yana nan tun 2003, kuma a 2006 wata mata, Ailin Graef, da aka fi sani da Anshe Chung, ta zama miloniya da dillancin filayensa. Amma ta sayi fili ne ta gyara, ta yi gine-gine da lambuna, ta ba mutanen da suka riga suka zo don hira da zumunci haya. Roblox, wanda masu shigarsa a kullum suka haura miliyan 70 a ƙarshen 2023, ya biya masu ƙirƙirar wasanni da kayayyaki a cikinsa kimanin dala miliyan 740 a wannan shekarar. Duka biyun ba su dogara da bulokcen ba. Jama'a suka fara zuwa don abin yana musu daɗi, suka kashe kuɗinsu ba tare da jiran ya dawo musu ba, daga wannan kuɗin ne mai gini ya samu. Inda kowa ya shigo don ya ɗiba, babu wanda ya shigo don ya kashe, daga aljihun wa za a biya?

Shi ya sa abin da na gaya wa ɗan ƙanwata shi ne in har birnin ya burge shi, ya bar sayen fili ya koyi gini. Manhajar Blender da ake zana gidaje da motoci masu siffa uku da ita kyauta ce. Roblox Studio kyauta ne. Wanda ya iya zana gini, ya iya rubuta umarnin da ke sa ƙofa ta buɗe a cikin wasa, zai sayar da aikinsa ko wannan birnin ya mutu, don masu zanen gidajen gaske da masu talla da masu fim duk suna neman irinsa. Na san kwamfuta mai ƙarfi da wuta da data ba arha ba ne a wurinmu. Amma kuɗin fuloti biyu na wasa, in aka haɗa da na abokai uku, ya fara zama wani abu a kasuwar tsofaffin kwamfutoci.

Malamanmu ma suna da abin faɗi, kuma ina so su faɗe shi da sani. Fiƙihu ya daɗe da sanin cinikin garari, wanda mai saye bai san haƙiƙanin abin da zai samu ba, ya kuma san najashi, inda ake ƙara farashi da baki don a ruɗi mai saye. Na biyun yana da sauƙi ƙwarai a kasuwar NFT, tunda mutum ɗaya na iya buɗe walat biyu ya sayar wa kansa fili da tsada, kundin ya rubuta cinikin, baƙo ya gani ya ɗauka farashin ke nan. Fatawar da za ta yi amfani ita ce wadda malami ya zauna da matashin da ya san abin, ya ga yadda sulallan ke fitowa da inda suke zuwa, ba wadda aka yanke daga jin suna ba.

Hukuma kuma ta samu makami. Dokar zuba jari da hannayen jari da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da hannayen jari, ta kuma tanadi ɗauri ga masu tsarin damfara irin na MMM, wanda ya rufta da mutane a ƙarshen 2016. A watan da ya biyo bayan sa hannun, dandalin CBEX ya rufe da kuɗin jama'a, alamar cewa doka a takarda ba ta isa unguwa ba tukuna. Ina kira ga SEC ta riƙa fitar da sunayen kamfanonin da ta yi wa rajista da gargaɗinta da Hausa, a rediyo da TikTok da Telegram, inda ake tallar waɗannan filaye. Iyaye kuma, idan yaro ya zo da maganar fili a cikin waya, kada a kore shi da faɗa. A zauna da shi a tambaye shi mutum nawa suka shiga birnin jiya, da kuma wanda ke biyan hayar da naira. In ba shi da amsa, kada ya saka fiye da abin da zai iya kashewa a gidan kallon ƙwallo.