Yankari ba wurin "kallon biri" ba ne

Jama'a, a yi min haƙuri yau zan yi magana. Na sa hotunan yarana a Yankari, sai wani abokina ya rubuto a ƙasa wai "ka rasa abin yi da kuɗin mai sai kallon biri?" Shi kuwa bara ya kwashi iyalinsa zuwa Dubai, kuma cikin abin da suka biya kuɗi suka kalla har da namun daji a keji. Namu na cikin dajinsu ne abin dariya.

Tun 1956 aka keɓe dajin nan, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwa, ɓauna, gwanki, dorina, ga tsuntsaye sama da iri 350. Ga ruwan Wikki da ɗuminsa ke nan wajen digiri 31 rani da damina. Amma da yawanmu in ma mun je, wanka kawai muke yi, mu jefa wa birai biskit, mu bar leda a ƙasa, mu dawo.

Wani zai ce talauci ya hana. Wannan gaskiya ne ga mai neman na abinci, kuma ba da shi nake ba. Da mu nake, masu albashi da mota, da muke kashe dubbai a kan anko.

Daji ba ya tsare kansa. Masu gadinsa albashi suke ci, da mafarauta masu bindiga suke arangama. Manomin Alkaleri da giwa ta tattake masa gona, in bai ga wani amfani daga dajin ba, me zai sa ya kare ta? Wurin da ba a zuwa, ba a maganarsa, kuma abin da ba a maganarsa ba ya samun kaso mai kyau a kasafin kuɗi.

Ku dubi Ruwanda. Zakunan gandun Akagera sun ƙare ƙaf bayan yaƙin 1994. A 2010 gwamnati ta haɗa hannu da African Parks, a 2015 aka kawo zakuna bakwai daga Afirka ta Kudu, a 2017 aka dawo da karkanda. Yau baƙi ne ke biyan kuɗi su shiga, kuma 'yan ƙasar da kansu suna zuwa.

Mu kuma fa? Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta? Muna yara ko kallo ba su ishe mu ba. Haka abu ke ɓacewa, shiru, ba sallama.

Rani ne lokacin zuwa, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Ka ɗauki yaranka, ku fita da sassafe, ka nuna musu burtu da cilakowa. Kada jikokinmu su san giwa a tatsuniya kaɗai.

Allah ya sa mu gane.