Albarkar daƙiƙa 15 da ta raba kan bishop-bishop

Har yau akan ji mutum a majalisa yana rantsuwa cewa Paparoma Francis ya halatta auren jinsi kafin rasuwarsa a Afrilun 2025. Bai halatta ba. Sai dai ban cika ganin laifin mai faɗin haka ba, domin fadar Vatican ce da kanta ta dagula ruwan.

Koyarwar Cocin Katolika a rubuce take cikin littafin Katikizim na 1992, sakin layi na 2357 zuwa 2359. Ta ce saduwar namiji da namiji ko mace da mace ta saɓa wa tsarin halitta, kuma babu halin da zai sa a amince da ita. Tun a 1986 wasiƙar Kadinal Ratzinger ta bambanta aiki da sha'awa: sha'awar karkatacciya ce, amma ita kanta ba zunubi ba ce. Saboda haka aka nemi mai irin wannan sha'awa ya kame kansa, aka kuma umarci sauran masu bi su karɓe shi da mutunci da tausayi, ban da wariya ta zalunci.

A 2021 ofishin kula da aƙida na Vatican ya ce coci ba ta da ikon sa wa zaman mutum biyu masu jinsi ɗaya albarka. Kwatsam ranar 18 ga Disamba 2023 sai ofishin nan dai, a hannun sabon shugabansa Kadinal Fernández ɗan Ajantina, ya fitar da takardar Fiducia Supplicans. Ta ba fada damar sa wa mutum biyun albarka idan sun roƙa, muddin ba da kayan biki ba, ba kuma da sigar ɗaurin aure ba. Da surutu ya yi yawa, ranar 4 ga Janairu aka ƙara bayani cewa addu'a ce ta daƙiƙa 10 zuwa 15, kuma mutanen ake sa wa albarka, ba zaman da suke yi ba.

To, wannan bambanci na malaman tauhidi ne. Tsohuwar da ke zaune a bencin coci a Kafanchan abin da idonta zai gani shi ne maza biyu sun durƙusa tare, fada ya ɗaga hannu a kansu. Wa zai tsaya ya yi mata fashin baƙi? Bishop-bishop na Najeriya sun ƙi cikin 'yan kwanaki, haka na Malawi da Zambiya da Kamaru. Kadinal Ambongo na Kinshasa ya tafi Roma, ya dawo da sanarwar 11 ga Janairun 2024, da yardar Paparoma, cewa ba za a yi wannan a cocin Afirka ba (na Afirka ta Arewa dai sun bi tasu hanyar). A ganina sun yi daidai, tunda an yanke hukunci a kan garkensu ba tare da an shawarce su ba.

Inda nake da ja da su shi ne ɗaya ɓangaren koyarwar, na mutunci da tausayi, wanda ba a cika jin sa daga bakinsu ba. A Janairun 2023 Francis ya ce sha'awar jinsi ba laifi ba ce da hukuma za ta kama mutum a kai, ya kuma kira dokokin da ke yin haka rashin adalci. A nan gida kuwa, lokacin da Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ta 2014 mai ɗaurin shekara 14, shugaban taron bishop-bishop na wancan lokaci, Ignatius Kaigama, yabawa ya yi. A Ghana ma, da Kadinal Turkson ya shaida wa BBC a Nuwamban 2023 cewa bai kamata a hukunta mutum don yadda yake ba, bishop-bishop na ƙasarsa ba su janye goyon bayansu ga ƙudirin hukunta masu neman jinsi da ke gaban majalisa a lokacin ba. Wanda ya kafa hujja da sakin layi na 2357, mai haramta aikin, don ya ƙi umarnin Roma, dole a tambaye shi me ya yi da na 2358, mai umarni da mutunci da tausayi.