Farce Ba Akaifa Ba Ne: Sunayen Gaɓoɓi a Karin Yamma

Da yawa daga kundayen digiri da ke nazarin Katsinanci sun fi mayar da hankali ga tsarin sauti: ƙahwa maimakon ƙafa, huska maimakon fuska, halshe maimakon harshe. Akan jera waɗannan a jadawali, Daidaitacciyar Hausa a dama, karin harshe a hagu, sai a ɗauka an gama. A ganina wannan jadawali ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci, wato kalmomin da siffarsu ɗaya ce a ko'ina amma ma'anarsu ta sha bamban.

Mu ɗauki farce. A Kananci farce shi ne abin da ake yankewa idan ya yi tsawo. A karin yamma kuwa, har cikin Nijar, farce ko hwarce shi ne yatsa ɗungurungum, abin yankewar kuma akaifa ake kiransa. Idan tsohuwa daga unguwa irin Ƙofar Kwaya ta ce wa ma'aikacin jinya farcenta ya kumbura, shi kuwa da Kananci ya tashi, to akwai yiwuwar ya duba inda ba nan take nufi ba. Haka gajeba, wadda yaran yanzu ƙoda kawai suka sani. Masu fassara littattafan kiwon lafiya ba su cika kula da wannan ba.

Wasu kalmomin ma shaidu ne na tarihin harshen. Haure, wanda Daidaitacciyar Hausa ta bar wa giwa, a Sakkwatanci haƙorin mutum ne, kuma shi ne tsohon tilo: ƙ ta ƙarshen gaɓa ce ta raunana ta koma u, bisa dokar da aka laƙaba wa sunan Klingenheben, jam'in haƙora ya riƙe ta, daga baya aka ƙiro haƙori daga jam'in. Ƙwabri kuma ya girmi ƙwauri, kamar yadda zamna ta girmi zauna. Ashe abin da malamin firamare ke ja wa jan biro shi ne yaya, gyaran nasa ƙane.

Abin takaici, har yau madogararmu ita ce ƙamusun Bargery na 1934, wanda ya yi wa kalmomi alamar Katsina ko Sakkwato. Shekara casa'in ke nan muna kwafar alamominsa ba tare da mun koma mun tambaya ko har yanzu haka abin yake ba. Mutanen Sikotlan, da suka ga kalmominsu irin su lug, kunne, da oxter, hammata, suna ja da baya a gaban Ingilishi, sun shafe 1931 zuwa 1976 suna fitar da ƙamus mai juzu'i 10.

Ba sai mun jira aiki mai girman wannan ba. Masu kalmomin suna kusa: mahauta da suka san sunan kowace tsoka, masu ɗori, unguwarzoma, da wanzamai masu cire beli. Sashen da ke koyar da Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa zai iya raba wa ɗaliban ajin ƙarshe unguwannin birni, kowa da na'urar ɗaukar murya da zanen jikin mutum. Kada a tambayi dattijo "me kuke ce wa yatsa?", domin tambayar ta riga ta sa masa kalma a baki. A nuna masa wurin, ya faɗi sunan da kansa, a rubuta shekarunsa da sana'arsa da garin da iyayensa suka fito.